Na Ɓoye Cikin Matata Ga Mai Magani

Edita, don Allah a sakaya sunana. A shekarar 2009 ni sabon magidanci ne, mutumin Maraɗi, ina aikin lodin kaya a wani sito da ke Wendover Avenue a nan Greensboro ta ƙasar Amurka, ga taurin kai na bala'i. Matata ba ta cika shekara da isowa ba, tana ɗauke da cikinmu na fari, wata shida. Ni kuwa yadda aka rene ni, namiji ba ya buɗe baki ya yi zancen cikin fari a gaban babba, abin kunya ne.

A lokacin ne murar nan mai zafi da ta zagaye duniya ta shigo gari, ta kwantar da matata. Tari, zazzaɓi, ciwon gaɓoɓi. Ta roƙe ni mu je asibiti, ta ce a wajen awo an ja mata kunne a kan zazzaɓi. Na ce haba, Turawa ai ko atishawa suka yi sai likita, wannan mura ce, sirace zai kore ta. Ba ta sake roƙona ba, domin ba mai musu ba ce. Na tafi High Point Road, kantin wani dattijo Ba'indiye da muke sayen shinkafa, wanda yake sayar da maganin gargajiyarsu da suke kira Ayurveda. Ya ɗauko ganyen tulsi, na shinshina na ji ai ɗoɗɗoya ce. Ya ɗauko garin wani ganye, na gane darbejiya, wadda mu a gida muke ce wa bedi. Nan take hankalina ya kwanta. Kafin ya ƙulla mini, sai ya tambaya wa zai sha, na ce iyalina. Ya ce tana da ciki ko tana shayarwa? Mutumin nan sa'an mahaifina ne, kansa fari fat, ga wasu Hajiyoyi biyu na masallacinmu a tsaye a bayana. Wallahi sai na yi kamar ban ji ba. Ya sake tambaya, na kau da kai na ce a'a.

Kwana huɗu ina dafa mata tana sha, ina lulluɓe ta da bargo a kan tukunyar sirace, ciwo sai gaba yake yi. Ran na biyar na dawo aiki da la'asar na tarar da ita jingine da bango, leɓɓanta sun yi duhu, ba ta iya haɗa kalma uku sai ta tsaya neman numfashi. Da ƙyar ta faɗa mini tun jiya abin da ke cikinta bai motsa ba. Inna lillahi! Ban san yadda na tuƙa motar ba. A asibiti na zazzage wa likita komai ina kuka, ina roƙonta kamar a hannunta rai yake. Ta ce ba za ta iya rantsewa ganyen ne ba, ko da yake akwai wanda ba a ba mai ciki, amma abin da ya fi mata ciwo kwanakin da muka ɓata, domin maganin murar da wuri yake aiki. Aka sa wa matata injin numfashi. Yaron, namiji, bai zo da rai ba, na binne shi tare da mutanen masallaci uwarsa ba ta san inda take ba. Da ta farfaɗo bayan kwana tara, hannu ta fara kaiwa kan cikinta, sannan ta dube ni.

Ban tsani maganin gargajiya ba, ban kuma ga laifin dattijon ba, shi ya tambaya ni na yi ƙarya. 'Yan'uwa maza, idan mai magani ko likita ya tambaye ku, ku ajiye kunya ku faɗi gaskiya, ko wa ke tsaye a bayanku. Mai ciki kuwa ta yi zazzaɓi, a kai ta asibiti a ranar. Matata ta ce ta yafe mini, Allah kuma ya ba mu 'yan mata biyu daga baya. Amma har gobe idan aka tambaye ta 'ya'yanta nawa, uku take cewa, ni kuma sai in sunkuyar da kai.