Lalas ɗin da Ba a Yi wa Mahaifina Ba

Shekarun baya, tun muna ƙarƙashin jihar Sakkwato, ina koyar da kimiyya a wata sakandare a Ƙauran Namoda. Sabon malami ne ni, ga babur, ga biro biyu a aljihun riga, ina jin duk yankin ba wanda ya kai ni sani.

Daf da faɗuwar damina aka aiko mini daga garinmu Badarawa cewa ƙari ya fito wa mahaifina a gefen wuya. Na je na tarar da shi yana gyaran fartanya. Ƙarin bai wuce ƙwan zabo ba, kuma ba ya masa ciwo. Na ce mu tafi asibiti. Ya ce sai na fara kai shi wurin amininsa, wani tsohon Bafillace da ke kiwo wajen Galadi, wanda ya yi suna da lalas, wato a gasa ƙarfe a wuta a ɗora kan ciwo. Shanu ya fi yi wa, amma mutane ma suna zuwa.

Na ce, "Haba Baba, ai kai ba bijimi ba ne."

Ya dube ni ya ce, "To, Malam. In shi yac ce in tai asibiti, sai in tai. In bai gani ba, ba ni zuwa ko'ina."

Na ce ba da babur ɗina ba, na kuma gargaɗi ƙannena kada wanda ya kuskura ya kai shi. Taurin kai kuwa wurinsa na gada. Mahaifiyata ta yi ta lallashina, "Kai shi mana, mi za ka rasa?" Ni kuwa na zaunar da ita na yi mata lacca a kan ƙwayoyin cuta.

Haka muka cinye damina sukutum, wata huɗu, kowa na jiran ɗan'uwansa ya sauko. Sai da aka yanke gero, ƙarin ya kai mangwaro, tuwo ya fara ƙin wucewa, sannan tsoro ya kama ni. Na ɗora shi a bayan babur, ina ta shirya faɗan da zan yi a ruga.

Muna isa aka hura wuta, ƙarfe ya yi ja. Tsohon ya zauna ya daɗe yana lalubar wuyan amininsa. Can ya ɗauki ƙarfen ya tsoma a ruwa.

Ya ce, "Wanga ba na wuta ba ne. Wuta hwata taka ci, shi ko ya yi saiwa ciki. In na aza maka ƙarhe, na zalunce ka. Tashi ka tai ga likita."

Sannan ya juyo gare ni. "Kai kuma, mi ya hana ka kawo shi tun abin na ƙarami? Da tun rannan na kore ku."

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Washegari muka hau jirgin ƙasa zuwa Zariya, mahaifina bai yi gardama ko ɗaya ba. Likita ya ce ciwon daji ne, kuma ya riga ya bazu. Bai ga wata damina ba, Allah Ya jiƙansa. Har ya rasu bai taɓa goranta mini ba.

Abin da ya tuno mini wannan shi ne 'yata da ke karatu a jami'a. Kwanan nan take ba ni labarin wata hanya da masu bincike ke gwadawa. Wai a samo garin ƙarfe wanda ya fi kwalli laushi nesa ba kusa ba, a yi allurarsa cikin ƙarin kansa, sannan a sa majinyaci a na'urar maganaɗisu mai juyawa da sauri. Garin sai ya ɗauki zafi daga ciki, ya raunana cutar, fata kuwa ba ta ƙone ba. Ashe dai zafi magani ne, kai shi inda ya dace ne wahalar.

Da ta gama sai ta ce, "Baba, da a ce akwai wannan a lokacin, da Kaka ya warke?"

Na ce mata rai na Allah ne. Amma abin da kakanta ya rasa ba na'ura ba ce. Wata huɗu ya rasa, kuma ni na hana shi su.