Tsaga Uku a Bangon Badi'a

A Damagaram jikin manyan motoci nake wa zane, zaki da dawisu da furanni. A Riyad kuwa na koma mai fentin bango, farin nan dai kullum har ido ya gaji.

Shekarata ta biyu matata ta rasu a gida. Labari ya iske ni an riga an binne ta. Ba ni da hotonta ko ɗaya, don ita da ka ɗaga waya sai ta ja gyale ta rufe fuska tana dariya. Ina jin haushin wannan kunyar tata har yau, Allah Ya gafarta mata.

Bayan wata biyar kafilina, wato ubangidan da ya ɗauko ni aiki, ya ji cewa na iya zane, ya kai ni gidansa a unguwar Badi'a. Uwargidansa na son a zana mata sarauniyar aljanu a bangon falon mata, mai fukafukai da kambi. A bakin ƙofa aka karɓe wayata, don baƙon namiji ba ya shiga ɓangaren mata da kyamara.

Kwana huɗu na yi a kan fukafukai da riga. Da na zo fuska, wallahi ban yi niyya ba. Hannuna ne ya tafi abinsa: dogon wuya, wushirya, da tsaga uku ƙanana a gefen baki, irin waɗanda a garinmu ake tsayawa a kalla. Na ja da baya sai ga matata, yadda take tsayawa a ƙofar ɗaki in na dawo. Na zauna a kan bokitin fenti na yi kuka son raina.

Kafil ya leƙo ya yaba aikin, sannan ya nuna bakin da ɗan yatsa, ya tambaya ko kyanwa ce ta yakushe ta. Na ce ado ne. Ya yi dariya, ba da mugunta ba, ya ce kyakkyawa ba ta da tabo, in share, in toshe haƙoran, in ƙara mata haske.

"Yallaɓai, a ba ni wayata minti ɗaya kawai."

Ya ce mamnu', an hana, ai na san dokar gidan.

To, iƙamata, takardar zamana a ƙasar, a hannunsa take, 'ya'ya uku kuma na jira a gida. Na dama fenti. Tsagar na fara rufewa, ɗaya bayan ɗaya, sannan wushiryar. Uwargida ta aiko cewa ta yi kyau ƙwarai. Ni ma na duba, ta yi kyau ɗin. Amma ban san ta ba.