Ƙarfen da Ruwa Ya Kawo

Jama'a, wallahi wannan ba ji na yi a bakin wani ba, a jikina ya faru, shekarar da ambaliya ta cinye gonakin shinkafa tun daga Auyo har bakin Haɗeja. Lokacin ina da 'yar rumfar rewaya, wato gyaran wayoyin wutar mota da babur, a hanyar kasuwar kifi, kuma ba cika baki ba, wayar da ta gagari kowa wurina ake kawo ta. Hannun nan nawa na dama shi ne gonata, da shi nake ciyar da mutum tara.

Wata rana bayan azahar sai ga wani dattijo, Malam Bukar, ya turo keke mai caji irin na ɗaukar kaya, ya naɗe hannuwansa da tsohon tif na taya, gumi har gemu. Ya ce, "Ɗana, ƙarfen nan ja yake yi kamar wutar lantarki. 'Yan dako sun ƙi loda mini buhu, ko akuya ba ta yarda ta raɓe shi."

Na yi dariya na ce, "Baba, waya ce ta goge ta taɓa bodi, kafin la'asar ka tafi."

Na bi wayoyin nan ɗaya bayan ɗaya, tun daga batir har fitilar baya, babu wadda ta ko ƙwarzane, amma da na ɗora testar gwada wuta a ƙarfe sai ta kawo ja. To, na kwance batirin gaba ɗaya, na kai shi can kan benci, na dawo na sake ɗorawa. Ja! Na aro testar maƙwabcina, ita ma ja. Wutar gari kuwa kwananta uku ba a kawo ba, balle in ce daga sama take zubowa.

Sai na lura ba ko'ina take kawowa ba, sai a wasu sanduna biyu da aka yi wa walda a baya. Kun san halinmu, ba ma barin keke yadda aka ƙera shi, sai an ƙara masa faɗi don ya ɗauki ƙarin buhu biyu. Na tambaye shi inda ya samo su, ya ce a gonarsa ya tsince su cikin laka bayan ruwa ya janye. "Na gadon kwana ne, na ƙofa ne, oho. Ruwa ya ɗauke mini shinkafa ya bar mini su, na ce rabona ne."

Maigidana da ya koya mini aiki, Allah ya jiƙansa, doka ɗaya ya kafa mini: ƙarfen da ake zargi da bayan hannu ake taɓa shi, domin wuta tana dunƙule yatsu, in da tafi ka taɓa kai da kanka za ka riƙe ta. Shekara ashirin ban karya ba. Ranar mutane sun taru suna kallo, girman kai ya ɗebe ni, na ce babu batir wuta daga ina, na cafki sandar da tafina.

Wallahi ba wuta ba ce. Na san jan wuta, ta ja ni ba adadi. Wannan sanyi ne, yatsu biyar masu laima suka zagaye wuyan hannuna suna ja ƙasa, irin riƙon wanda yake nutsewa. Rana tsaka, ƙasa a bushe, amma ƙarar ruwa nake ji a kunnena, bakina cike da ɗanɗanon laka. Sai da Malam Bukar ya maka mini icce a dantse aka raba mu. Hannun rigata sharkaf, sauran jikina ko ɗigo.

Asibiti sun duba sun ce ba su ga komai ba. Rubutu na sha, tofi an yi, amma yatsuna ba su sake riƙe filaya ba, kayan aikin ma tuni na sayar muka ci. Malam Bukar ya zo dubiya sau ɗaya, da zai tafi ya ce mai walda ya ƙi yanke sandunan, don haka shi da kansa ya tura keken bakin kogi ya baro shi. Ko 'yan gwangwan masu tsintar tsohon ƙarfe ba su taɓa shi ba.

Ni dai shawarata, in kun cire batir testa ta kawo ja, ku tattara kayanku ku ba mai shi haƙuri, kuma abin da ruwa ya ajiye muku ku bar masa kayansa. Duk damina in kogi ya fara cika sai in ji riƙon nan ya dawo, kuma kowace shekara yana ɗan matsowa sama. Bara a gwiwar hannu ya tsaya. Bana ya kai kafaɗa, ga shi ruwa bai ma gama zuwa ba.