Ranar da Bakina Ya Kai Ni Gaban Alƙali

Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta ranar da aka kai ni kotu ba, ni da ban taɓa ɗaukar ko allurar wani ba.

Lokacin ina fataucin bandar kifi tsakanin garuruwan Wara da Yawuri, kuma ni ce babbar matan da ke shiga jirgin ruwa. Wata ranar kasuwa na hangi direban jirginmu yana fitowa daga wani gida da kowa ya san burkutu ake dafawa. Ban tambayi kowa ba, na wuce wurin mai jirgin na ce, "Alhaji, mashayi ka damƙa wa rayukanmu. In bai sauka ba, mu mun sauka." Kafin la'asar an sallame shi. Magana ta gama bakin ruwa, babu mai jirgin da zai ɗauke shi, ga mata da 'ya'ya huɗu.

Direban ya kai ƙarata kotu. Da sammaci ya zo, mamakina ya fi tsorona. Na ce wa alƙali, "Ranka ya daɗe, ban doke shi ba, ban ci kayansa ba. Ashe magana ma ana shari'arta?"

Ya ce, "Inna, da me yake ciyar da iyalinsa?"

"Da tuƙi."

"To wa zai ba mashayi tuƙi? Sunansa ne jarinsa. Kin ga ya sha?"

"Na ga ya fito."

"Ko kin ga ya sha na tambaye ki."

Bakin nan nawa da ba a taɓa kayarwa a kasuwa ba, sai ya ce, "Ban gani ba." Aka kira wata tsohuwa. Ashe gidan mahaifiyarsa ne. Shi ya musulunta tun yana saurayi, ita tana kan addinin kakanninta, kuma duk ranar kasuwa sai ya kai mata kifi. Ta dube ni ta ce, "Don ya kama salla sai ya bar gaida uwarsa?"

Alƙali ya ce laifina biyu, na ɓata suna, na kuma shiga tsakanin mutum da maigidansa, yana iya neman diyya. Direban ya ce shi aikinsa kawai yake so. Ranar kasuwar da ta zagayo na tsaya bakin ruwa, gaban matan da ke jin tsorona, na ce ƙazafi na yi. Alhaji ya mai da shi.

Tun ranar na koyi cewa ido ƙofar gida kawai yake gani. Abin da ban shiga na gani ba, ba na ɗora shi a kan abincin wani.