Malamin da Ya Koya wa Masu Furfura Gyaran Firji

Shekara ashirin da shida, ƙarfe bakwai na safe a ajin nan na ƙarshen baranda take yi masa, a cibiyar koyon sana'a. Ya buɗe tagogi, ya goge benci, ya jera filaya da sukudireba, ya zauna jiran ɗalibai. Ɗaliban nasa ba yara ba ne. Akwai mai furfura, akwai wadda sai ta kai jikanta makaranta take zuwa. Su suka raɗa masa Baba Ba-Gaggawa.

Cikinsu akwai wani tsohon ma'aikacin masaƙa. Yana da shekara arba'in da tara aka rufe masaƙar, ya dawo gida, ga 'ya'ya biyar, ga hannu bai san komai ba sai injin da aka riga aka sayar. Matarsa ce ta matsa masa ya je cibiyar. Da ya ji kuɗin karatun sai ya juya zai tafi.

"Ina zuwa kuma, ɗan'uwa?" in ji Baba.

"Malam, abin ya fi ƙarfina. Kuma ni na tsufa da zaman aji."

"Firji ba ya tambayar shekarun mai gyara. Zo ka riƙe mini wayar nan."

Sai daga baya ya ji cewa Baba ne ya yi ta sintiri ofishin shugaban cibiyar har aka yarda manya su riƙa biya kaɗan-kaɗan. Shi ne kuma yake bin masu sayen tsofaffin ƙarafa yana roƙon matattun firji da fanka, don kada a ɗora wa kowa sayen kayan gwaji.

Karatun bai zo wa tsohon ma'aikacin masaƙar da sauƙi ba. A gida autarsa tana leƙa littafinsa tana dariya: "Baba, kai ma an ba ka aikin gida?" A aji kuwa sau biyu yana ƙona kayan gwaji. Baba bai taɓa ɗaga masa murya ba, sai dai ya ce, "Madalla, yanzu ka san hanyar da ba a bi." A wata na bakwai ya tayar da firjin wata mai sayar da ƙanƙara. Ya sa hannu ciki ya ji sanyi, ya daɗe bai cire ba.

Yau yana da shagonsa. Amma tun da Baba ya yi ritaya watan jiya, in ya wuce ta cibiyar sai ya rage tafiya ya dubi tagogin nan a rufe. Yana kewar ƙaurin dalma da tarin tsofaffi masu gardama kan waya ja da baƙa. Da ya je gaishe shi, ya tarar idon Baba ya yi rauni. Tambaya ɗaya Baba ya yi masa: "An sami wanda zai karɓi ajin?" Ya ce masa har yanzu ba a samu ba.

Baba, kai ne ka ɗauki mutanen da aka ce tasu ta ƙare, ka zaunar da su ba tare da ka kunyata su ba. Mun gode. Allah ya ƙara lafiya, ya saka da alheri.

Ku kuma da kuka ci arzikin hannunsa, kun san hanyar ajin. Mabuɗin yana ofis, a rataye.