Ranar da Na Shiga Yashe Kanal

Ni mutum ne mai mantuwa, har tabarau nakan nema alhali yana kan hancina. Amma safiyar Asabar ɗin da na fara shiga kanal, wato magudanar ruwan noman rani, ta zauna daram a kaina, ba na jin akwai tsufan da zai goge ta.

A lokacin ina koyar da labarin ƙasa a wata sakandare a Kura. Na zana koguna a allo ba adadi, na san inda kowanne ya taso da inda ya ƙare, amma ruwan da ya wuce na bokiti ban taɓa tsoma ƙafa a cikinsa ba. Muna firamare babban kanal ya ci wani ɗan ajinmu, mahaifiyata ta sa na yi mata alkawarin ba zan kusanci ruwa ba. Ita ta manta da zancen tuntuni. Ni ne na riƙe shi, don ya yi daidai da tsorona, kuma biyayya ta fi tsoro daɗin faɗa.

Mahaifina ya rasu ya bar mana gonar rani a wajen Bunkure, can wutsiyar ƙaramin kanal, inda ruwa ke isa bayan kowa ya sha. A shekarar da abin ya faru na shuka alkama, wato na sa an shuka, ina tsaye a gefe da takalmi sau-ciki. Ta fara fitar da kai ke nan ruwa ya ɗauke, domin kacala, doguwar ciyawar nan ta ruwa, ta toshe hanya. Kwana tara ba ɗigo, ganye ya fara naɗewa, ga shi da ita mahaifiyata da ƙannena suka dogara.

Manoman layinmu suka sa ranar gayya. Na je wurin shugabansu, wani dattijo aminin mahaifina, na ce zan turo lebura kamar yadda na saba.

"Bana mun hana, Malam," in ji shi. "Ɗan haya saman ciyawa yake yankewa ya bar saiwa, sati biyu ta dawo. Kowa shi zai shiga gaban gonarsa. Wanda bai jiƙa wando ba, ranar rabon ruwa mu tsallake shi."

"Baba, ni fa ban iya ruwa ba."

"Ubanka ma bai iya ba. Haka ya yi ta shiga har ya koma ga Allah."

Ranar Asabar na iso da lauje sabo fil. Taubashina, wanda gonarsa ke maƙwabtaka da tamu, yana cikin ruwa ya hango ni.

"Ku gyara, ga mai duba makarantu ya zo duba kanal. Malam, biron aljihun nan da shi za ka yanki kacalar?"

Na cire biro da takalmi na ajiye, na tsaya a gaɓa. Ruwan baƙi ƙirin, ba a ganin ƙasansa. Fuskar yaron nan na ajinmu ta dawo mini kamar jiya. Na waiwaya na dubi alkamar, na yi bismilla na zura ƙafa.

Taku biyu na yi, laka ta kwashe ni. Na nutse, na sha ruwa, na yi ta dukan iska ina kalmar shahada. Can na ji hannu ya damƙi wuyan rigata, muryar dattijon nan a kunnena, ko ɗaga ta bai yi ba.

"Malam, miƙe tsaye."

Na miƙe. Ruwan iya cibiyata.

Dariyar da aka yi, ina jin har garin Kadawa an jiyo. Taubashina ya ce zai kai labarin makaranta da kansa, kada a rage masa komai a hanya. A nan ne na gane wuyar ba ta ruwa ba ce. Ga gaɓa kusa, in na fita ba mai hana ni, amma na san ba zan sake dawowa ba. Na lalubo laujena a cikin laka na ce, "Baba, nuna mini yadda ake ciro saiwar."

Ya nuna mini: a sunkuya, a bi kara da hannu har gindi, a girgiza, sannan a ja. Matsattsaku biyu suka yi kalaci a ƙaurina. Kafin azahar na ga wani busasshen ganye ya motsa a kan ruwa, ya kama hanyar gonarmu a hankali, alamar ruwa ya samu hanya. Alkamar ba duka ta tsira ba, gefen da ya fi bushewa ya tafi, amma abin da ya rage ya riƙe gidan.

Har yau ban iya iyo ba, kuma babban kanal ina ba shi girmansa, domin shi da gaske yana cin mutum. Abin da na koya shi ne, tsoro ba ya bambance babban ruwa da ƙarami, duk zurfi ɗaya yake ba su. Mutum ba zai san wanne ne a gabansa ba sai ya shiga, da mutanen da suka san wurin a kusa da shi, ya yarda a yi masa dariya, sannan ya ƙi fita.