Dakta Suwaiba da Kwangilar Rumbuna Ɗari Uku

Ka taɓa zama a zauren da ake buɗe takardun masu neman kwangila? Dakta Suwaiba Rabe ta zauna sau biyu, kuma zaman farko bai yi mata daɗi ba. 'Yar Tsiga ce, ɗiyar manomin masara, malama a jami'a, shekara goma sha ɗaya tana binciken ƙwarin da ke cinye hatsi a ajiya. A shagona na fotokwafi da ke Funtuwa take buga takardunta, can na san ta.

Wani shirin bunƙasa noma ne ya yi talla a jarida, ana neman wanda zai auna asarar masara a rumbuna ɗari uku tsakanin Bakori, Danja da Malumfashi. Da wannan awon za a zaɓi garuruwan da za a raba wa buhunan ajiya masu hana ƙwari. Dakta ta ce lallai ita za ta yi aikin, don ta san inda masarar take ruɓewa.

Ta kawo mini takardar neman aikin in buga, shafi tamanin da huɗu. Na ƙirga, sittin da ɗaya duk bitar abin da masana suka rubuta ne. Ita kundin digiri ta saba rubutawa, shi ta sake rubutawa. Ta haɗa bayanin aiki da farashi a ambulan guda, ta kai Katsina da sunan kamfanin jami'arsu.

Ranar buɗewa minti biyu ba su cika ba aka ture nata gefe. Doka ta ce ambulan biyu, farashi daban, ga shi kuma ba ta sa takardar shaidar biyan haraji ba. Ko shafin farko ba wanda ya karanta.

Alhaji Mudi, wani tsohon ɗan kwangila daga Danja, yana zaune kusa da ita. Ya ɗaga takardun ya jijjiga.

"Dakta, wannan littafin nawa kike sayar da shi? In saya wa jikokina."

"Alhaji, kai da ko ƙwaron masara ba ka iya bambancewa da ƙuda?"

"Ban iya ba, 'yata. Amma na iya ambulan."

Da wata ce, da ta tashi ta fice. Ita ta ciro biro ta zauna har aka gama. Takardu goma sha huɗu aka buɗe, tara sun faɗi kan rashin takarda ɗaya ko biyu, biyar kacal aka duba aikinsu. Ta rubuta dalilin faɗuwar kowanne.

Wani kamfani daga nesa ya ci, ya turo maza zalla. To, rumbun mutanenmu a cikin gida yake, kuma namiji baƙo ba ya wuce zaure. Suka tsaya waje suna tambayar masu gida, kowa ya ce alhamdulillahi, masara lafiya. Shirin ya ƙi karɓar rahoton, bayan wata bakwai aka sake talla.

Wannan karon shafi goma sha tara ta kawo mini. Ta manna jerin takardu goma sha biyu da aka nema a bangon shagona, duk wadda ta samu ta soke ta da jan biro. Ta haraji kaɗai sai da ta je ofishin jami'a sau biyar. A bayanin aiki ta rubuta cewa mata takwas daga cikin ɗalibanta za su shiga gidaje, su ɗebi tiya guda a kowane rumbu su ƙirga ƙwayar da ta huje. Ta cire ranakun kasuwar Bakori da ta Danja daga jadawali, don ba a samun mutane a gida. Ta ware kwana uku na gaishe da masu unguwanni kafin a taɓa rumbun kowa. Ambulan biyu, kowanne da hatimi, ta jefa a akwatin karɓar takardu kwana biyu kafin a rufe.

Takardu goma sha ɗaya aka buɗe, nata na cikin huɗun da suka tsallake. Bayan sati uku wasiƙa ta zo, ita ta ci. Cikin kwana arba'in da shida suka shiga gida ɗari uku cif, garuruwa goma sha bakwai suka shiga jerin masu samun buhu, har da Tsiga.

Kai malamin jami'a mai ajiye bincike a aljihun tebur, buɗe takardun nan a bainar jama'a ake yi. Nemi talla ɗaya a wannan watan, ka je da biro da takarda ko ba ka nemi komai ba, ka ƙirga waɗanda suka faɗi da abin da ya kayar da su. Don Allah ka gwada sau ɗaya.